Wa Ke Duba Littafin Mai Ba Mu Bashi?

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron haɗin gwiwar rassan Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa na Jega da Aliero da Maiyama

 Shugaban taro, shugabannin rassanmu uku, iyayenmu tsofaffin malamai da suka ajiye alli amma ba su ajiye zumunci ba, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da ganin juna lafiya. Waɗanda suka taso daga Andarai da Sambawa da Mungadi, da na Sabiyal da Danwarai, da na Kimba da Jandutsi, sannunku da hanya. Mun san abin da kuɗin mashin ya koma, saboda haka ba za mu ɓata muku yini ba.

Sa'ad da aka ɗora wa wannan kwamiti nauyin zagaya makarantu don jin koken mambobi, mun fita da zaton maganar ƙarin girma da kuɗin hutu ce za ta cika mana littafi. Ta shigo kuwa. Amma abin da ya fi yawa, wanda kuma ba a faɗa mana shi sai an ja mu gefe an rage murya, shi ne bashi. Malami ya ga albashi ya shigo da safe, kafin azahar an zare kashi uku daga wurare uku, abin da ya saura bai kai kuɗin buhun gero ba. Wata malama ta nuna mana takardar da ta sa wa hannu, ta ce har ranar ba ta san nawa ake bin ta ba. Wani kuma tsaya wa abokin aikinsa ya yi, abokin ya rasu, yanzu albashinsa ake yanka. Da muka tambaye su wace hukuma ce ke sa ido a kan waɗanda suka ba su bashin, babu wanda ya iya amsawa. Mu ma da muka yi tambayar, sai da muka koma muka yi karatu. Abin da muka karanto shi muka kawo muku.

Ba yau muka fara hulɗar bashi ba. Jega gari ne na fatauci tun ƙarni na 19, ayarin goro daga Gwanja na sauka a nan, ana ba da kaya a kan amana a biya bayan watanni. Adashi kuwa iyayenmu mata sun riga kowane banki saninsa. To, wa ke duba uwar adashi? Unguwa ce ke duba ta. Kowa ya san ƙofar gidanta, ya san mijinta, ya san inda 'ya'yanta ke aure. In ta ci amana, ba ta da fuskar zuwa biki ko suna. Wannan tsaro ne mai ƙarfi, sai dai iyakarsa inda sanin juna ya tsaya. Da zarar masu zubi sun kai dubu, mai riƙon kuɗin kuma baƙo ne da ya kama hayar shago, kunya ba ta da sauran aiki. Nan ne rubutu da shaidu da mai bincike ke shigowa. Ba sai mun tunatar da malaman addini da ke cikinmu ba cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka.

Gwamnatin Najeriya ta daɗe tana neman hanyar kai banki ga talaka. A 1989 aka kafa Bankin Jama'a, a 1990 aka fara buɗe bankunan al'umma, waɗanda mutanen gari ke haɗa jari su kafa. Da yawa daga cikinsu sun mutu, galibi saboda masu gari da masu hannun jari sun mai da su aljihunsu. A watan Disamba na 2005, zamanin da Farfesa Charles Soludo ke gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka fito da tsarin ƙananan bankuna da ake kira maikurofainans, aka ba bankunan al'umma wa'adi zuwa ƙarshen 2007 su koma sabon tsari ko su rufe. Jarin da aka nema ga bankin da ke da mazauni guda naira miliyan 20 ne. Sai aka yi ta buɗe su kamar shagunan cajin waya. Ba a cika shekara biyar ba, a watan Satumba na 2010, lokacin Malam Sanusi Lamido Sanusi, Babban Banki ya sanar da cewa an binciki bankuna 820, an sami 224 sun lalace, ya soke lasisinsu, ko da yake daga baya an yi wa wasu sassauci bayan sun ƙaro jari. An ɗaga mafi ƙarancin jari a 2018, aka sake gyara shi a 2019: miliyan 50 ga ƙaramin banki na karkara, miliyan 200 ga na birni, biliyan 1 ga mai aiki a jiha guda, biliyan 5 ga mai aiki a ƙasa baki ɗaya. A watan Mayu na 2023 aka sake soke lasisin wasu 179.

Waɗannan alƙaluma ba don tsoratarwa muka kawo su ba. Bankin da aka soke wa lasisi, aƙalla akwai wanda ya shiga ya duba littafinsa har ya gano ɓarnar, kuma akwai inda mai ajiya zai kai takardarsa. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta daɗe tana biyan mai ajiya a irin waɗannan bankuna har naira 200,000, a watan Mayu na 2024 ta ɗaga zuwa naira miliyan 2. Ga malamin firamare, wannan ya rufe kusan duk abin da zai iya tarawa. Amma wannan laima bankin da ke da lasisin Babban Banki kaɗai ta rufe. Ƙungiyar gama-kai, irin wadda muke da ita a rassanmu, rajistarta tana ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, kuma babu inshorar NDIC a kan abin da mamba ya zuba a cikinta. Manhajar bashi ta waya, wadda ke aika wa surukin mutum saƙon cin mutunci in ya yi jinkirin kwana biyu, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ce ta fara bin sawunsu a 2022. Shi kuwa mai cewa kawo dubu 100 ka karɓi dubu 130 bayan wata, ba shi da mai duba shi sam. Takardar rajistar kamfani da yake liƙawa a bango shaida ce ta cewa an yi wa suna rajista, ba izinin karɓar ajiyar jama'a ba ce. Mun ga MMM a Disamba ta 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma a zauren nan akwai waɗanda suka ji a jikinsu. Ba za mu nemi kowa ya ɗaga hannu ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan lissafi guda, tunda malaman lissafi sun cika layin gaba. A ce malami ya karɓi naira 200,000, aka ce masa kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne a wata, zai biya cikin wata 12. In an ɗora kashi 5 ɗin a kan ainihin abin da ya karɓa tun farko har ƙarshe, kowane wata naira 10,000 ke nan, a shekara 120,000, jimilla ya biya 320,000. Amma ai kowane wata yana rage uwar kuɗin. A wata na ƙarshe abin da ya rage a hannunsa bai kai 17,000 ba, ana kuwa cajinsa kamar har yanzu 200,000 na wurinsa. Da a kan ragowar bashin ake lissafi, ribar duka 65,000 ce. Bambancin naira 55,000 yana ɓoye ne a cikin kalma ɗaya a takardar da ba mu karanta ba. Wanda aka ce wa kashi 5, a haƙiƙa kusan kashi 8 yake biya a wata, tun kafin a ƙara kuɗin fam da na inshora da na gudanarwa da ake zarewa kafin kuɗin su shigo hannu. Abin kunya ne a ce mu da muke koyar da kashi cikin ɗari a aji biyar, da shi ake cin mu a ofis.

Yanzu mu zo ga mutumin da muka sa a kan wannan jawabi, wato mai duba littafin. A Babban Banki akwai sashe na musamman da ke sa ido a kan cibiyoyin kuɗi waɗanda ba manyan bankuna ba, shi da jami'an NDIC ke raba aikin. Wani binciken daga ofis ake yin sa, a kan rahoton da kowane banki ke aikawa wata-wata. Wani kuwa sai an taka. Jami'i ya sauka, ya ce a buɗe masa ma'ajiya ya ƙirga abin da ke ciki, ya zaro fayilolin bashi ya ga ko sunayen da ke ciki mutane ne masu rai, ya duba nawa daraktoci da 'yan'uwansu suka ɗiba. Yana da ma'aunai: jarin banki kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na dukiyar da ya jefa cikin haɗari, kuɗin da ke kusa da hannu kada su gaza kashi 20 na ajiyar jama'a, bashin da aka yi jinkirin biya kada ya wuce kashi 5 na dukan bashin da aka bayar. Duk wanda ya taɓa zama sufeton makarantu ya san irin aikin. Ka tarar da rajista cike da sunaye, ka shiga aji ka ƙirga kawuna, ka ga ba su kai rabi ba. Haka mai binciken banki ke yi, sai dai shi kuɗin marayu da na 'yan fansho yake ƙirgawa.

Bayan wannan jami'i akwai wani wanda ba a cika ganinsa ba: ƙwararren da ake ɗaukowa da kwangila ya ba da shawara a kan yadda za a rubuta dokar da ma'aunan kansu. Bankin Duniya na ɗaukar irinsu, haka cibiyar CGAP da aka kafa a 1995 a ƙarƙashin inuwarsa, haka hukumomin raya ƙasashe na Jamus da Ingila, haka manyan bankunan ƙasashe. Sana'ar ta bunƙasa ne saboda duniya ta sha wuya kafin ta gane cewa ƙaramin bashi ma yana kisa. Kowa ya san labarin Muhammad Yunus, wanda ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash a 1976, abin da ya zama bankin Grameen a 1983, har aka ba su kyautar Nobel a 2006. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010. Kamfanoni sun yi ta rige-rigen ba mata bashi, mace guda ta ci daga wuri uku ko huɗu, tana karɓa nan ta biya can, masu karɓar bashi na zaune a ƙofar gida, har aka fara samun rahotannin masu kashe kansu. A watan Oktoba gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa, biyan bashi ya tsaya cik. Binciken da su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi a birnin Hyderabad, su da suka sami Nobel a 2019, ya nuna ƙaramin bashi na taimaka wa mai sana'ar da ta riga ta kafu, amma ba ya fitar da yawancin gidaje daga talauci kamar yadda aka yi ta shela.

Ba sai mun je Indiya ba ma. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda daga Kamba taki kaɗan ne zuwa Gaya, su suka ba duniya tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991: mata su haɗu, su yi zubi a akwati mai makulli, su ranta wa juna, a raba a ƙarshen zango. Yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. A Nijar ɗin dai aka ga Asusu, babbar cibiyar ƙananan basussuka ta ƙasar, ta shiga matsala har hukuma ta karɓi ragamarta a 2018. Akwatin mata ya tsira saboda kowa na ganin abin da ke ciki. Babbar cibiya ta girmi idon masu ajiya, sai ta dogara ga idon hukuma.

To, me ya sa muke son ɗiyanmu su shiga wannan sana'a? Saboda albasa. Wanda ya tsara cewa a fara biyan bashi mako guda bayan an karɓa, kowane mako har ƙarshe, mai tallan kayan miya a birni ya hango. Manomin Aliero kuwa zai zuba kuɗi a iri da taki da man injin ban-ruwa, ya jira wata huɗu bai ga sisi ba. In ya cire albasa, kowa ma ya cire, farashi ya faɗi ƙasa. Ribarsa tana ga ya iya ajiye ta 'yan watanni, yana kallon wani kashi na ruɓewa, har kasuwa ta tashi. Bashin da ya tilasta masa sayarwa ranar da ya cire, dillali ya yi wa aiki. A ma'aunin jinkirin biya da muka ambata, wannan manomi mugun mai cin bashi ne, alhali jadawalin ne bai san gona ba. Sakamakon haka banki ya guji manomi, ya bi mai albashi, domin albashi ake zarewa tun daga tushe. Shi ya sa ku da mu muka zama kasuwarsu. Ko shirin bashin manoman shinkafa da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba ta 2015, duk da ya ƙara noma, kowa a nan ya san yadda maganar biya ta kasance, da yadda sunayen waɗanda ba su san hanyar fadama ba suka shiga jeri. A teburin da ake tsara irin waɗannan abubuwa ana buƙatar wanda ya taɓa ɗaukar buhun albasa.

Akwai dalili na biyu. Jama'armu da yawa ba rashin reshe ne ya hana su shiga banki ba, gudun riba ne. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma kashi 47 ne. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, a 2017 kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa. Mai binciken irin wannan banki dole ya san bambancin murabaha ta gaskiya, inda banki ya sayi kaya ya mallaka sannan ya sayar, da wadda aka canza wa riba suna kawai. Dole ya san salam, wato sayen amfanin gona a biya tun kafin girbi, wanda fiƙihu ya daɗe da shimfiɗa wa sharuɗɗa. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar gadon karatu, yaron da ya karanta babin ciniki a zaure ya kuma iya akanta yana da abin da ɗan Legas da Baturen kwangila ba su da shi. In ya ƙara da Faransanci, ƙasashe takwas masu amfani da sefa, waɗanda babban bankinsu ke Dakar, sun buɗe masa.

Kada mu ruɗi yara: ba wanda ke fita jami'a ya zama mai ba gwamnatoci shawara. Hanyar tana farawa daga kiredit a Lissafi da Turanci, wanda a nan ne yawancin ɗalibanmu ke faɗuwa, kuma wannan laifin yana wuyanmu kafin ya kai wuyan kowa. Sai digiri a akanta ko tattalin arziki ko shari'a ko lissafi. Ga jami'ar jiha a Aliero tun 2006, ga ta tarayya a Birnin Kebbi, ga ta Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sai jarrabawar ƙwararru ta ICAN ko ANAN, ko takardar shaidar ƙananan bankuna da Cibiyar Ma'aikatan Banki ta Ƙasa ke bayarwa. Bayan haka shekaru na bin kasuwa da ƙauye a matsayin jami'in bashi ko mai binciken cikin gida, sannan in Allah ya yi a shiga Babban Banki ko NDIC. Sai gashi ya fara fari ake kiran mutum Akara ko Nairobi a ji ra'ayinsa. Mu a ganinmu, mai ba da shawarar da bai taɓa zuwa karɓar bashi gidan da aka yi rasuwa ba, bai kamata a saurare shi ba.

Aikin kuma yana da nasa ɗaci. Na kwangila ba shi da fansho, yau akwai gobe babu. Wanda ya biya kuɗin rahoto yakan so a rubuta abin da kunnensa ke so. Mai bincike zai tarar da ambulan a ɗakin da aka sauke shi. Mafi wuya a wurinmu, zai iya tarar da cewa shugaban bankin da ya zo dubawa abokin mahaifinsa ne, kafin ya koma masauki an riga an kira gida. Yaron da za mu tura wannan hanya sai wanda muka gani tun yana aji yana iya cewa ba daidai ba ne, ko da malami ne ya yi kuskuren a allo. Irin yaran nan da muke yawan yi wa tsawa.

Kafin mu tura kowa duba bankin wasu, akwai littafin da ke gabanmu. A ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gama-kai da mambobinmu ke zubi, mun nemi rahoton mai binciken kuɗi, aka ce mana ma'aji ya yi tafiya da makulli. Mun koma bayan mako uku, aka kawo mana littafin zubi wanda an tsallake wata huɗu ba a rubuta kome ba. Ba mu ce an ci kuɗi ba, wataƙila sakaci ne. Amma mamba ya zuba shekara tara yana jiran ranar aurar da 'ya, kuma mun riga mun faɗa cewa a nan babu inshorar da za ta biya shi. Ɗaya daga cikinmu, tsohon shugaban wannan ƙungiya na ƙasa, Kwamared Nasir Idris, shi ke riƙe da jihar tun 2023. In za mu je gabansa da buƙatar a ƙarfafa ofishin da ke binciken ƙungiyoyin gama-kai, gara mu je da namu littafin a cike.

Saboda haka kwamiti na roƙon wannan taro ya amince da cewa kowace ƙungiyar gama-kai da ke cire kuɗi daga albashin mambobinmu ta kawo rahoton mai bincike na waje sau ɗaya a shekara, a karanta shi da Hausa a gaban mambobi, a kuma liƙa kwafi a sakatariyar reshe. Muna roƙon kada shugaban makaranta ya sake sa hannu a takardar cire bashi daga albashi sai an rubuta jimillar abin da malami zai biya da lambobi, an kuma ga sunan mai ba da bashin a jerin masu lasisi da Babban Banki ke wallafawa. Malaman lissafi da na kasuwanci na manyan sakandare kuwa, muna neman mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma su zauna da mu kafin hutun zango, mu fitar da darasi guda a kan lissafin bashi da bayanin wannan sana'a ga 'yan aji uku. Wanda ke da takardar bashin da bai gane ba, ya same mu a bayan zaure in an tashi. Mun zo da na'urar lissafi, kuma ba za mu rubuta sunan kowa ba.